Dibet a Kan Indararon Lukuman

Duk wanda ya san 'Yandoto ya san Tajuddeen, ko da bai so ba. Masinja ne a wani ofis a Gusau, yana tafiya Litinin ya dawo Juma'a, kuma ba ya dawowa haka nan. Kowane mako sai ya ƙullo wata sabuwar kalmar Turanci ya zo ya kwance wa mutane a teburin shayin Sadiƙ. Aikinsa a ofis jera kujeru ne da raba ruwan sha, amma in ka ji shi yana ba da labari sai ka rantse ba a buɗe taro a Gusau sai ya gyaɗa kai.

Abin da ya fi so a duniya, bayan muryarsa, shi ne zaurensa. Shekara uku da gina shi. Na ƙasa ne, amma an shafe shi da siminti, an yi masa shuɗin fenti da ƙofar ƙarfe, kuma duk baƙon da ya zo sai an zagaya da shi ya gani tukuna a ba shi ruwa. Matsalar zauren guda ce: indararon maƙwabcinsa Lukuman. Da zarar an yi ruwa, sai indararon ya feso ta kan ɗan lungun da ke tsakaninsu ya sauke a bangon zauren. Damina biyu ta ci gindin bangon, siminti ya fara ɓamɓarewa, magini kuma ya ce in aka bari ta uku ta same shi a haka, zauren ba zai ga kaka ba.

Lukuman manomi ne marar hayaniya, Tajuddeen ya girme shi da shekara goma. Mai Unguwa Bala ya kira Lukuman gefe bayan sallar Asuba ya yi masa magana biyu, shi kuwa ya ce ba komai, ranar Asabar zai juya indararon ya riƙa zuba a cikin gidansa. Haka ake kashe irin wannan magana a 'Yandoto, ba a ce wane ya ci, ba a ce wane ya faɗi.

Abin da ya ɓata wa Tajuddeen rai ke nan. A makon nan ne ya jera kujeru a wata gasar 'yan makarantar sakandare a Gusau, ya ga yadda aka ɗaga hannun wanda ya yi nasara ana ta tafi. Ranar Juma'a da ya sauka daga mota, ko gida bai shiga ba ya wuce teburin shayi, inda Mai Unguwa ke zaune.

"Ranka shi daɗe, ni ban yarda da wanga sulhu na ɓoye ba," in ji shi. "Dibet za a yi."

"Mi ke nan kuma dibet?"

Tajuddeen ya gyara tsayuwa, don tambayar da yake jira ke nan tun daga tasha. "Dibet magana ce ta masu ilimi. Mutum biyu, batu guda. Wanga shi ce a yi, wancan shi ce kar a yi, kowa shi kawo hujja."

"Ai musu ke nan," in ji Sadiƙ, yana fifita wuta. "Kullum muna yi nan, kyauta."

"Musu na masu shayi ne, kowa na magana ba mai saurare. Gardama ta 'yan tasha ce, ƙarshenta a ci kwala. Dibet shina da agogo, shina da ƙararrawa, shina da alƙali mai ba da maki. Minti biyat-biyat, ba ƙari. Kuma ba kai ka zaɓen gehen da za ka kare ba, ƙuri'a aka jehawa cikin hula."

Mai Unguwa ya kurɓi shayinsa ya dube shi. "Tajuddeen, yaron nan ya riga ya yarda. Gobe zai juya indararo. Mi kake nema kuma?"

"Ya yarda a ɓoye. Ina son shi yarda gaban jama'a, da maki."

"To duk abin da dibet ɗin ya yanke, shi za a bi?"

"Shi za a bi, ko kan wa ya hwaɗa. A rubuta ma."

Aka kuwa rubuta a bayan wata takardar kalanda, Tajuddeen ya sa hannu da wani dogon zane mai wutsiya. Aka aika wa Lukuman, ya zo da ƙasar gona a ƙafarsa ya dangwala yatsa, bai ma fahimci laifin da ya yi ba. Aka sa rana, Asabar ta sama bayan La'asar.

Matarsa Wasila ta ji labari tun kafin ya shigo gida. Ta ce, "Malam, an ba ka abu a hannu, ka ce a mayar sai ka yi kokawa a kai?"

Ya ce mata abin da ya shafi ilimi ba a tattauna shi a bakin murhu. Washegari ya hau mota ya nufi Bungudu wurin yayanta, Malam Faruk, malamin makaranta ne da ke koya wa ɗalibai irin wannan gasa. A lissafin Tajuddeen, in alƙali surukinka ne, ai an gama.

Malam Faruk ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya cire tabarau ya goge. "Abin da kake cewa dibet, mu muhawara muka ce mishi da Hausa. Kuma bari in hwaɗa maka, a makaranta ana yin shi don a ga wa ya iya kare magana, ba don a ga wa ke da gaskiya ba. Yaro na iya cin dibet a kan cewa jaki ya hi mota sauri. Ba a raba rigimar maƙwabta da shi."

"To ai ni na iya kare magana."

"Na sani. Zan zo. Amma in na zauna kujerar alƙali, ba ni da suruki."

Tajuddeen ya yi dariya, ya ɗauka irin maganar da alƙalai ke yi ce don a ji.

Saura batun ƙuri'a, kuma nan ne yake ganin ya fi kowa wayo. Da safiyar ranar ya yanki takarda biyu, ya rubuta abu ɗaya a kan kowacce: A BAR INDARARO. Dabarar ita ce Lukuman ya fara sa hannu. Kowacce ya ɗauka, shi zai kare indararonsa, shi kuma Tajuddeen ya ɗauke ta biyun ya zura a aljihu ba tare da an buɗe ba, ya tashi ya yi raga-raga da yaro. Ya ninke takardun yana murmushi shi kaɗai.

Bayan La'asar gari ya taru a gindin dalbejiyar ƙofar Mai Unguwa. An jera bencina, kuma a nan dai ba a ga laifin Tajuddeen ba, don sun jeru tsaf. An rataye tsohon bakin garma a reshe a matsayin ƙararrawa, Sadiƙ na riƙe da waya da guntun ƙarfe, shi ne mai lokaci. Mata sun yi cincirindo a bayan katanga. Shi kuwa gogan ya fito cikin wata baƙar kwat da ya aro a Gusau, ana tsakiyar zafin bazara, gumi na bin wuyansa. Ya aro amsa-kuwwa a wurin wani mai tallan magani, ya ɗaga ta don ya buɗe taro, ya danna inda ba shi ba, sai ta kama shelar maganin basir mai tsiro da marar tsiro. Sau uku tana maimaitawa kafin aka cire mata batir. Liman ya ce a ci gaba da baki kawai.

Tajuddeen ya cire hularsa, ya jefa takardun, ya girgiza, ya miƙa wa Lukuman. "Bisimilla, ɗauki."

Lukuman ya ja da baya, ya sa hannuwa a baya. "Haba Yaya, ni in sa hannu gabanka? Ko tuwo anka aje, kai ka farawa."

"Wanga ba tuwo ba ne. A dibet ƙarami ka farawa."

"A gahwarce ni, Yaya. Ban taɓa yi ba, ba ni farawa yau gaban dattawa."

Dattawa suka yi ta gyaɗa kai suna sa wa yaro albarka. Mai Unguwa ya ce, "Ya yi gaskiya. Gusau ba mu san yadda kuka yi ba, amma nan babba ka sa hannu. Ɗauki, kar rana ta hwaɗi."

Tajuddeen ya duba cikin hular ya daɗe, kamar mai fatan wata takarda ta uku ta tsiro. Ya ɗauki ɗaya. Malam Faruk ya karɓa ya karanta da ƙarfi: "A bar indararo. To, Tajuddeen zai kare cewa a bar indararo inda yake. Lukuman zai kare cewa a cire shi. Kawo ɗayar in karanta, don ƙa'ida."

Kafin hannunsa ya kai ga hular, Tajuddeen ya wafce takardar ya jefa a baki ya kama tauna.

"Haka aka yi a Gusau," ya ce bayan ya haɗiye da ƙyar. "Don kar a yi maguɗi."

Malam Faruk ya dube shi ta saman tabarau, sannan ya buɗe littafin maki.

Yanzu zauren Tajuddeen ya koma a bakin Lukuman, mutumin da ko a ɗaurin aurensa ba a ji muryarsa ba. Sadiƙ ya buga garma, Lukuman ya miƙe. Sai ya durƙusa gaban Mai Unguwa.

"Ranka shi daɗe, ina wuni. Ina gajiya. Yaya iyali. Yaya haƙuri da jama'a."

Mai Unguwa ya amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ma ya tambayi mutanen gida da gyaran gona. Lukuman ya matsa wurin Liman. Daga Liman ya juya ga wani tsoho mai ciwon ƙafa, ya tambayi ƙafar, tsohon kuwa ya ji an zo inda yake so, ya faro daga ranar da ciwon ya soma.

"Shiga magana," in ji Tajuddeen a hankali. "Lokaci na tahiya."

"Yaya, in tsallake baƙo? Malam Faruk, an zo lahiya? Yaya mutanen Bungudu?"

Sai da ya gama da benci biyu, sannan ya miƙe ya share murya. "To, game da indararo kuwa..."

Sadiƙ ya buga garma.

Tajuddeen ya yi tsalle ya ce a ƙara wa yaro lokaci, gaisuwa ba ta cikin lissafi. Malam Faruk ya ce minti biyar-biyar ne ba ƙari, kuma ba shi ya kafa dokar ba. Ya ba Lukuman maki ɗaya, na ladabi.

Maki ɗaya ba yawa, amma Tajuddeen ya ga ƙofa. In shi ya kasa samun ko ɗaya, Lukuman ya ci, a cire indararo, zaure ya tsira. Abin da ake so kawai ya yi shirme na minti biyar, kuma ni a ganina ba abin da ya kai wannan sauƙi a wurinsa, tunda ya saba yi ba tare da niyya ba. Ya miƙe, ya sunkuyar da kai, ya rage murya.

"Indararo dai... indararo ne. Shina nan. To, a bar shi. Ko kuma dai, in an duba... ruwa dai ruwa ne."

Aka fara ƙyalƙyalewa daga bencin baya. Inna Uwa mai fura ta leƙo ta saman katanga. "Wanga shi ne dibet ɗin da anka hana mu sakat? Akuyata ta hi shi bayani in tana son dusa."

Aka kwashe da dariya. Tajuddeen ya cije, ya tuna da zaurensa, ya haƙura. Da nan aka tsaya, da ya tsira. Amma sai Sadiƙ ya ce da na kusa da shi, da muryar da ba ta kai raɗa ba, "Ashe gaskiya anka hwaɗi, kujeru kawai shika jerawa Gusau."

Wannan ta shige shi har ƙashi. Ya ɗaga kai, ya ɓalle maɓallin kwat, ya sa hannu ɗaya a ƙugu.

"Mai girma alƙali, mai lokaci, jama'a masu saurare. Ina tambaya. Wa ya riga wani zuwa, indararo ko zaure? Wanga indararo kakan Lukuman ya kahwa shi. Shekara hamsin shina zuba tsakiyar lungu, bai taɓa jiƙa bangon kowa ba. Indararo ya yi tsawo ne? A'a. Ya yi ƙahwa ne ya taka? A'a. To in indararo bai je wurin zaure ba, ashe zaure ne ya tashi ya je wurin indararo."

Aka yi tafi, tafi na gaske, irin wanda ya gani a Gusau. Ya ji daɗi har kunnuwansa.

"Malam," aka ji muryar Wasila daga bayan katanga. "Ana kiranka cikin gida."

"Ba a katse mai dibet. Jama'a, da can amalanken shanu na bi ta lungun nan da dawa ko ba ta bi?"

"Tana bi," aka amsa.

"Yau tana bi?"

"Sai an zagaya."

"Mi ya hana ta? Mai zauren nan ne ya ci kamu biyu cikin lungu. Magini ya gargaɗe shi, ya ce mishi aikinka gini ba tambaya ba."

"Malam, tukunya ta kihe kan wuta," in ji Wasila. "Kuma akuya ta shiga rumbu."

Minti biyar ta cika. Sadiƙ ya ɗaga ƙarfe zai buga, Mai Unguwa ya ɗora masa hannu a kafaɗa a hankali, ƙarfen ya koma ƙasa. Malam Faruk kuwa ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Zargi ba hujja rabin maki ne. Kowa ya san iyakar gidan nan tsohuwar aduwa ce, kuma mai zaure ya ce an tone ta, a gurbinta bango ya hau."

"Rabin maki?" Tajuddeen ya yi wata dariya ta raini. "Ku biyo ni."

Ya shige gaba, kwat na kaɗawa, gari na biye da shi. Ya buɗe ƙofar ƙarfe da kansa, ya ce dattawa su fara shiga. Ya janye tabarma, ya ɗage wani buhu da ke ƙarƙashinta, sai ga kututturen aduwa an sare shi daidai da daɓe. Ya durƙusa ya auna da hannunsa daga kututturen zuwa bango, yana ƙirgawa da ƙarfi don kowa ya ji. Kamu biyu ne har da ɗan taƙi.

"An sare ta ranar da kowa ya tahi kasuwar Tsahe," ya ce yana haki. "Ga hujja. Alƙali, maki nawa?"

Ba wanda ya tafa. Tsohon nan mai ciwon ƙafa ya taɓa kututturen da sandarsa ya ce ita ce, a gindinta aka yi masa kaciya. A lokacin ne Tajuddeen ya waiwaya ya ga a zauren wa yake durƙushe.

Malam Faruk ya rufe littafi. "Maki goma bisa goma. Shekara goma sha biyu ina wanga aiki, ban ga wanda ya kare magana haka ba. Tajuddeen ya ci. A bar indararo." Ya kama hannunsa ya ɗaga sama. Hannun ya tafi kamar ba na mai rai ba.

Lukuman ya ji tausayi, ya matso ya ce shi fa har yanzu yana iya juya indararon, ba wani aiki ba ne.

"Kai kam an kada ka, yi shiru," in ji Mai Unguwa. "Ga takarda nan da hannun kowa. Kuma yanzu magana ta wuce indararo, lungu na jama'a ne. Zaure shi koma bayan aduwa kahin ruwa shi sauka."

"Ranka shi daɗe, ai wasa ne," in ji Tajuddeen. "Malam Faruk ma ya ce ba a raba rigima da dibet."

"Na hwaɗa maka a Bungudu," in ji Malam Faruk. "Ka yi dariya."

"To a sake. A sake wani dibet ɗin, a kan lungu."

Mai Unguwa ya juya ga jama'a. "Akwai mai iya karawa da Tajuddeen?"

Kowa ya girgiza kai. Sadiƙ ya ce shi ba ya neman abin kunya. Liman ya ce baiwa ce Allah ya ba bawansa, ba a ja da ita. Inna Uwa ta ce ta janye maganar akuya.

Ranar Laraba aka yi gayya, Tajuddeen ko Gusau bai je ba a makon. Rabon da a ga mutane sun fito aiki da wuri haka tun ginin masallaci, har masu ciwon baya sun zo da diga. Kafin Azahar bangon gaba da na gefe sun kwanta, ƙofar ƙarfe na jingine da katanga, amalanke ta farko ta ratsa lungu mai ita na ɗaga hannu kamar ango. Wasila ta aiko wa masu aiki da kunu, ta ce a fara ba Lukuman.

Da yamma Tajuddeen na zaune a kan tarin ƙasa mai ɗigon shuɗin fenti, ransa a ɓace ƙwarai, sai ga wani direba da suka saba a tashar Gusau ya tsaya da mamaki.

"Malam Taju, ina zauren? Iska anka yi?"

"Dibet munka yi."

"Subhanallahi. To wa ya ci?"

Tajuddeen ya dubi ƙasar da yake zaune a kai, ya dubi indararo. Sannan ya gyara zaman hularsa.

"Ni mana," in ji shi. "Goma bisa goma."